Ranar da Kawu Ya Zo Ban Haƙuri Caji Ofis

Na daɗe cikin kakin 'yan sanda a Landan, kuma na ga abubuwan da in na ba da labarinsu a gida sai a ce na ƙara gishiri. Yawancinsu sun bi ruwa, don aikin nan ba ya ba mutum sararin riƙe abu, kana gama da wannan wani ya danno kai. Amma akwai wata safiya a caji ofis ɗinmu da ke kudu maso gabashin birnin da ba na jin za ta bar raina ko tsufa ya fara cinye mini tunani. Ba a yi harbi ba, ba a fasa wa kowa baki ba. Wani dattijo ne kawai ya durƙusa a kan tayil, ina tsaye ina kallo.

A lokacin ni ce wakiliyar ƙungiyar 'yan sanda a ofishinmu. Sai na ɗan yi bayani, saboda mutumin da ya taso a gida da ya ji an ce ƙungiya, yajin aiki ne zai faɗo masa a rai. Tamu ba ta da wannan haƙorin. Sama da shekara ɗari da suka wuce 'yan sandan ƙasar nan sun taɓa ajiye aiki saboda albashin da ba ya riƙe gida. Gwamnati ta tsorata, ta ƙara musu albashin, sannan ta juyo ta kafa dokar da ta haramta musu ƙungiyar ƙwadago. Waɗanda suka sake fita karo na biyu aka sallame su, ba su ƙara sa kaki ba. A madadin abin da aka ƙwace ne aka ba mu wannan ƙungiyar, wadda take da bakin magana amma ba ta da ƙafar fita. Duk wani gyara da aka samu tun daga lokacin, na awannin aiki ko na hutu, a kan teburi aka same shi, da jan magana da haƙuri. Tsofaffin cikinmu kan tuna mana cewa akwai zamanin da mace irina in ta yi aure sai ta ajiye aikin, wai don mu san an ci gaba. Mun sani, mun kuma gode, amma gajiyar yau ba ta jin labarin jiya.

Aikin wakili ba shi da wani armashi. Kana yin aikinka na yau da kullum kamar kowa, sannan in wani ya shiga uku sai ka zauna kusa da shi a gaban manya, ka yi magana inda doka ta ba ka dama, ka taka masa ƙafa a ƙarƙashin teburi in ya fara zuba. Ƙorafin da ya fi zuwa wurina shi ne na ranar hutu. Ɗan sanda zai tsara rayuwarsa a kan ranar da aka ba shi, ya yi wa yara alƙawari, sai a wayi gari a ce akwai zanga-zanga ko babban wasan ƙwallo, an soke hutun kowa. Doka ta yarda a yi hakan in buƙatar aiki ta taso, kuma a Landan buƙatar aiki ba ta taɓa kwantawa ba. Za a biya ka ranar ko a ba ka wata, amma umarni ne, ba a tambayar ra'ayinka.

A wannan shekarar aka kawo mana wani kurtu, Bakano, wanda aka kawo shi ƙasar nan yana ɗan sakandare, yana zaune a unguwar Plumstead da matarsa. Mu biyu ne kaɗai masu jin Hausa a ginin gaba ɗaya. Ni Bazazzagiya ce, don haka tun ranar farko na sanar da shi cewa bawana ne, shi kuma ya ce bai taɓa jin inda Bakano ya yi wa 'yan Zariya bauta ba, amma tunda na girme shi zai bar ni da mafarkina. Anti yake ce mini. Yaro ne mai natsuwa, mashaya da masu rigima duk suna saurarensa, sai dai yana da ɗabi'ar sunkuyar da kai in babba na magana, har sai da na ja masa kunne cewa a nan in ba ka kalli mutum cikin ido ba ɗauka yake kana ɓoye wani abu. Yana cikin shekarun gwaji, lokacin da sallamar mutum ba ta da wuya, don abin da ake dubawa kawai shi ne ko ya dace da aikin.

Matarsa ta haifi bakwaini, mace, aka sa ta a kwalba. Hutun haihuwar da ake ba uba ya ƙare yarinyar tana asibiti. An raɗa mata suna a can, aka yanka rago a Kano, shi kuma ya dawo aiki, yana tashi ya wuce asibiti, daga asibiti ya dawo aiki. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da likitoci suka ce za a sallame ta, sai ranar ta dace da hutunsa. Mahaifiyarsa ta taso daga Kano tare da yayanta, wato kawunsa, don su tarbi jikar. Ana saura 'yan kwanaki aka sanar da wata babbar zanga-zanga a tsakiyar birni, aka soke hutun kowa da kowa.

Ya roƙi sajan ɗinsa, sajan ya ce ba shi da mutum ko ɗaya na rara. Ya nemi wanda za su yi musanya, babu, tunda kowa an kira shi. Da safiyar ranar ya ɗaga waya ya ce ba zai zo ba, zai je ya ɗauko 'yarsa. Da cewa ya yi zazzaɓi ne ya kwantar da shi, da babu wanda zai ɗaga kai, kuma rabin ofis ɗin sun san wannan hanyar. Bai bi ta ba. Ya faɗi gaskiya, gaskiyar kuma a rubuce sunanta ƙin bin umarni.

Maganar ta hau teburin sufuritandarmu, shugabar ofishin, wata Baturiya mai ƙarancin fara'a wadda ta faro daga kurtu. Ita ce za ta ba da shawarar a riƙe shi ko a sallame shi, kuma abin da ta faɗa shi ake bi. Ban ɗaga hankalina sosai ba. Mun haɗu da ita a matakala ta tsayar da ni, ta ce ba alƙawari take yi ba, amma ta san abin da ake nufi da jariri a kwalba, kuma tana ganin gargaɗi da ƙarin watannin gwaji sun isa. A wurin mace irinta wannan magana ce babba. Na samu yaron na ce masa ya goge kakinsa, ya riƙa zuwa da wuri, ya rufe bakinsa har ranar zama, sauran ya bar mini.

Ya rufe bakinsa a ofis, amma a gida ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta gaya wa yayanta. Wata ranar Lahadi ina cefane a kasuwar Lewisham wayata ta yi ƙara, na ji muryar dattijo, a tsanake, irin ta mutanen da suka saba a tsaya musu. Kawun ne. Tsohon babban ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, kuma shi ya riƙe yaron bayan rasuwar mahaifinsa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi mutanen Zariya, ya yi mini godiya a kan ɗansa. Sannan ya tambaye ni me ya hana ƙungiyar tamu ta janye mutanenta daga aiki a kan irin wannan zalunci. Na ba shi tarihin da na ba ku a sama, a tsaye tsakanin mai kifi da mai doya. Sai ya ce to ashe ƙungiyar tamu ta zaman makoki ce. Ban yi masa musu ba, don wasu cikinmu sun faɗi abin da ya fi wannan.

Daga nan ya shigo da abin da ya sa ya kira. Yana so ya je ya ga shugabar, shi da wasu dattawa biyu, su ba ta haƙuri.

Na ce, "Baba, don girman Allah kada ku zo. Maganar nan tana kan hanya mai kyau. A nan in an je ganin mai yanke hukunci, ɓata abin ake yi."

Ya yi 'yar dariya. "'Yata, na kashe wutar da ta fi wannan a ofisoshin da ba ki taɓa shiga ba. Mutum mutum ne, ko Bature ne. Zuwa da kai ya fi aike."

Na sake maimaita masa ta wata fuskar, ya sake gode mini, irin godiyar da ake yi wa yaro in ya kawo shawara a taron manya. Na ajiye wayar na kira kurtun na ce ya hana shi ko ta halin ƙaƙa. Sai ya ce, "Anti, tun da nake ban taɓa ce masa a'a ba. Ban san ta inda ake farawa ba." Dattawa biyun da za su raka Kawu kuwa sun shekara da shekaru a Landan, sun san ƙasar sarai. Daga baya ɗayansu ya ce mini ya san ba daidai ba ne, amma ya ga bai kamata baƙo babba ya zo daga gida ya nemi rakiya a ce masa ba haka ake yi ba. Kowa ya sani, kowa ya bar wa wani ya faɗa.

Ranar Talata da hantsi ina sama sai mai kula da teburin karɓar baƙi ya kira ni, ya ce ga wasu mutane nan cikin manyan riguna suna neman shugaba, yana jin 'yan ƙasarmu ne. Na sauko da sauri, amma na makara. Sufuritandar ta riga ta shigo ta ƙofar gaba daga wani taro, sun tare ta a tsakiyar falon, gaban masu jiran kai ƙorafi, ƙarƙashin kyamara. Kawu yana gaba cikin farar babbar riga da ta sha guga, dattawa biyu a gefensa, kurtun kuma a bayansu cikin kayan gida, kansa a ƙasa. Ganinsa a wurin ne ya fi damuna. A al'ada dole mai laifi ya kasance a wurin a yi masa faɗa a gaban wanda ya ɓata wa, amma a idon ofis, tsayuwarsa a nan ta sa zuwan ya zama kamar shi ya shirya shi.

Kawu ya tattara rigarsa ya durƙusa, dattijo mai furfura, gwiwarsa har tana ƙara. Sufuritandar ta ja baya, ta ce ya tashi don Allah, ya ƙi. Ya ajiye wata jakar fata ta Kano mai kyau a gabanta, da kwalin turare a ciki. Sannan ya fara magana. Da a ce Hausa ya yi aka ce in fassara, da na san yadda zan yi da maganar a hanya. Amma Turancinsa ya fi nawa, irin na tsofaffin ma'aikata, kowace kalma a wurinta, babu inda zan sa hannu.

Duk wanda ya taɓa raka wani ban haƙuri ya san yadda ake yi. Ba ka kare ɗanka, kai ne ma za ka fi kowa kushe shi, don wanda aka ɓata wa ya ji kunya ya ce a'a, ai bai kai haka ba, ya wuce. Haka Kawu ya yi, kuma ya iya. Ya ce yaron nan ba shi da hankali. Ya ce tun yana ƙarami haka yake, ba ya jin magana, in ya sa kansa abu babu mai juya shi, su ma a gida fama suke da shi. Ya ce laifin duk nasa ne, ba shi da wata hujja, ita uwa ce, ta dubi girman Allah ta yafe. Ko kalma ɗaya a ciki ba gaskiya ba ce, kuma kowane Bahaushe a falon ya san ba a faɗe ta don a yarda ba. Ita kuwa matar da aka ɗora wa tantance ko yaron nan mai bin umarni ne, tana tsaye tana jin mutumin da ya raine shi yana ba da shaidar cewa bai taɓa bi ba.

Ta dube ni, na dube ta. Fuskarta ba ta nuna fushi ba, gajiya na gani. Ta ce wa Kawu cikin ladabi ba za ta iya karɓar kyautar ba, ba kuma za ta iya tattauna maganar ba, ta gode da zuwansu. Kawu ya ɗauki wannan a matsayin kawaicin manya, ya tashi da ƙyar, ya yi mata addu'a, suka fita ya bar jakar a ƙasa. Sai da na bi su da ita har bakin titi.

Da yamma ta kira ni ofishinta. Ta ce ta fahimci dattijon ba da mugun nufi ya zo ba, ta ma ji tausayinsa. Amma an kawo mata kyauta a kan maganar da ke gabanta, a bainar jama'a, da wanda ake tuhuma a tsaye. Dole ta sanar da na sama abin da ya faru da abin da aka faɗa, dole kuma ta cire hannunta, don duk sassaucin da ta yi yanzu za a ce jakar ce ta saya. Na san haka tun kafin ta buɗe baki. Da ni ce a kujerarta, abin da zan yi ke nan.

Aka miƙa maganar ga wani babba daga wani yanki, mutumin da bai taɓa ganin yaron yana aiki ba. Yanzu laifi ya zama biyu, na biyun kuma ya fi na farko nauyi. A zaman na yi iya yina. Na bayyana yadda ake ban haƙuri a wurinmu, na ce kushen da aka yi masa salon magana ne, na kawo shaidar sajan ɗinsa da ta abokan aikinsa, na tuna musu cewa yaron ya zaɓi gaskiya a ranar da ƙarya ta fi sauƙi. Mutumin ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba. Sannan ya juya ya yi wa kurtun tambaya ɗaya: ya san zuwan bai dace ba? Ya ce ya sani. To me ya sa ya biyo su? Ya ce kawunsa ne ya ce ya zo. Mutumin ya ce abin da ke damunsa ke nan, domin ɗan sanda zai haɗu da ranar da wanda yake jin nauyi zai nemi ya yi abin da bai dace ba, kuma aikin yana buƙatar wanda zai iya ƙi. Na tattara takarduna.

Aka ba shi zaɓin ya ajiye aikin da kansa, ya ajiye. Abokan aikinsa sun ji haushi, an yi ta gunaguni a ɗakin shan shayi, wani ma ya ce da a wani aikin ne da yau babu wanda zai fita sintiri. Aka yi masa shiru, don ko faɗin hakan a cikinmu yana iya jawo wa mutum magana. Kowa ya shanye shayinsa ya ɗauki hularsa ya fita.

Ranar da ya mayar da kaki da katin shaidarsa na raka shi gida Plumstead. Kawu ya ɗage tafiyarsa yana jiran sakamako, muka same shi a falo da jaririyar a hannunsa, 'yar mitsitsiya cikin tawul. A mota yaron ya riga ya roƙe ni abu ɗaya, cewa kada in gaya wa kawunsa abin da sufuritandar ta yi niyya kafin zuwansu. Da muka shiga ya durƙusa a gabansa ya ce, "Kawu, ba a dace ba. An gode da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma."

Kawu ya girgiza kai, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shi dai ya yi iya ƙoƙarinsa, har ƙasa ya kai gwiwarsa, amma mutanen nan ba su san girman furfura ba. Ya juyo gare ni ya ce, "'Yata, ko akwai wani na sama da ita da za mu je mu gani?" Na ce babu, Baba, an gama. Mahaifiyar yaron ta kawo mini abinci, na ci kaɗan na yi sallama.

Yaron yana tuƙin bas yanzu, 'yarsa ta shiga makaranta, kuma har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ko 'yan Zariya sun fara wayewa. Kawu ya koma Kano, an ce mini yana ba da labarin a matsayin misalin rashin tausayin Turawa, kuma babu wanda ya gyara masa. Ban ga laifinsa ba, da abin da ya sani ya zo, kuma a inda ya fito abin yana aiki. Abin da na koya shi ne alheri ma yana da ƙofar da ake shigar da shi a kowane gari, in aka bi ta wata sai ya yi ɓarnar da mugunta ba ta yi ba. Na kuma koyi cewa kunyar da muke ji ta faɗa wa babba gaskiya ba kyauta take tafiya ba, akwai mai biya, kuma yawanci ƙaramin cikinmu ne. Mutum huɗu ne muka san kada a je, dattijo ɗaya ne bai sani ba, kuma shi kaɗai ne a cikinmu yake barci da zuciya wasai a kan wannan magana.